Hannun da Ya Rage a Hoto

A shagon mai sa hotuna a gilashi wani dattijo yana tsaye, ya ƙi kujerar da aka tura masa. Dogo ne, yana karkato kunne ɗaya idan ana magana, kamar ƙarar inji ta cinye ɗayan. Hoton da ya shimfiɗa duk ya yi ja a gefe, wataƙila ya shekara talatin a kife a ƙasan akwati. Shi ne a ciki da ƙuruciyarsa, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, wani babban hafsa yana maƙala masa lambar jarumta.

"Yanke mini wannan," in ji shi, yana nuna hafsan.

"Haba Baba, ai shi ne adon hoton!"

"Sau uku ina shiga wuta ina kwaso sojojinmu. Saura mutum huɗu ya ce in tsaya, zai tura wani jirgi. Bai tura ba. Lambar nan ya ba ni a madadinsu."

Mai shago ya sa almakashi. Hafsan ya faɗi ƙasa, amma hannunsa yana nan a ƙirjin matuƙin.

"Baba, hannun nan ba zai fita ba sai da lambar."

Dattijon ya dubi lambar.

"To, fitar da su tare."