Gwaggo da Kufan Unguwar Marina

Gwaggona, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a danginmu wadda ta yi wayo a tsohon gari. Tana yarinya aka tashe su, zamanin da mahara ke saukowa daga arewa suna kame mutane. Mahaifina kuwa a goye aka fito da shi, bai san komai ba. Iyayensu sun yi ta yawo kafin su zauna a Yasore, inda aka haife mu, muka tashi manoman gero da dawa kamar kowa.

Ba ta da hira sai ta garin nan. Takan ce kakanmu marini ne, unguwarsu ma Unguwar Marina ake ce mata, kuma fatake daga nesa suke kawo musu farin zane su koma da baƙi. Ni dai ina sauraro ne don ladabi. Ban taɓa ganin hannun wani namu da shuni ba. In na je kasuwar Batsari, masu sayar da tufafi ko kallon kirki ba sa yi mani, sun ga baƙauye da riga ɗaya. Sai na ɗauka tsufa ne ke ƙara wa labarinta gishiri.

Shekarar da na yi aure, Turawa sun riga sun daɗe a ƙasa, an daina tsoron hari, mutane suna ta fita daji suna saran sababbin gonaki. Bayan an gama girbi sai labari ya zo mana cewa an fara raba filin tsohon gari ga manoma. Gwaggo ta kira mahaifina ta ce tana so a kai ta ta gani kafin a nome shi. Ya ba ta haƙuri, ya ce tafiyar da nisa, ga ƙafarta. Ba ta yi masa gardama ba, amma kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba. A rana ta uku ya ce in ɗaura wa jaki akumari in kai ta.

Mun fita da sassafe, tana bisa jaki ina ja. Muka bi ta gefen duwatsu har muka faɗa sabuwar hanyar da aka sa talakawa suka sara don motar Bature, wadda ta nufi wajen Safana. Rana ta yi tsaka kafin mu ga wani dogon tudu ya miƙe cikin ciyawa, bishiyoyi sun tsiro a kansa. Gwaggo ta ce in tsaya. Ganuwa ke nan.

Na sauke ta, muka shiga ta inda hanyar mota ta yanke tudun. A nan ta ruɗe. Ita ƙofa ta sani, ƙofar kuwa babu ita, masu aikin hanya sun baje wurin. Ta duba gabas ta duba yamma, ta yi gaba ta dawo. Ciki babu ko bango ɗaya a tsaye, sai tsibi-tsibin jar ƙasa, da fasassun tukwane, da kukoki. Ta zauna a kan wani tudu, ta ƙi karɓar ruwan da na miƙa mata. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin wahalar da muka sha a banza.

Muna nan sai ga wani magidanci da gatari a kafaɗa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Gwaggo, suka daɗe suna gaisawa, ya tambayi gajiya da mutanen gida da kaka. Mutumin garin Zakka ne, mai gari ya ba shi gefen nan ya sara. Na lura jikinsa ya yi sanyi da ya ji daga nan asalinmu yake, yana zaton fili muka zo nema. Gwaggo ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita ko fartanya ba ta iya ɗagawa. Sannan ta tambaye shi ko ya ga wani shimfiɗaɗɗen dutse a cikin gari, mai rami biyu a kansa kamar turmi.

Ya ce a cikin gonarsa ma yake.

Ba ta jira jaki ba. Ta bi shi da sandarta, ni ina baya ina mamakin saurin da take yi. Da muka isa ta hau dutsen, ta sa hannu cikin ramukan ta kwashe ganyen da ke ciki. Ta ce nan mata ke daka baba, ganyen da ake yin shuni da shi. Daga nan ta juya ta fuskanci gabas, ta fara nuna mana unguwa da bakin sanda kamar gidajen suna nan: nan zauren kakanmu, can masallaci, can gidan masu bugu inda ake jin ƙarar bugun zane tun hantsi. Ta taka zuwa wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, ta caka sandar, ta dube ni.

“Ɗana, haƙa mani wurin ga.”

Manomin ya ce ya ga irin lotsawar nan da yawa, ya zaci kaburbura ne, shi ya sa yake kewaye su. Gwaggo ta ce babu wanda aka binne a nan. Ya ɗauko fartanyarsa a gonar ya ba ni, na fara haƙa ba da wata fata ba. Ban kai tsawon hannu ba fartanyar ta daki wani abu mai tauri. Na share da hannu, sai ga baki zagayayye, sumul kamar na randa. Muka ci gaba ni da shi, muna kwashe ƙasa, har na shiga ciki zuwa ƙugu. Bangon ramin bai tsage ko'ina ba. Na tofa yawu na goga da yatsa, sai launi ya fito, shuɗi mai duhu. Ramin rini ne.

Na ɗago yatsan na nuna mata. Ta kama hannuna ta kai kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

“Hannun kakanka har gwiwa haka yake,” in ji ta. “Har ya rasu bai wanku ba.”

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na sunkuya kamar ina gyara ƙasa. Bayan haka muka bi layin lotsawar ni da manomin, layin ya yi ta tafiya har gindin wata tsamiya, sannan ga wani layin a bayansa. Wurin rinin ya fi filin kasuwar ƙauyenmu girma. Duk abin da ta shekara tana faɗa, ashe ragewa ma take yi.

Manomin ya tura aka kawo mana fura daga bukkarsa. Muna sha ya ce wa Gwaggo, “Inna, wannan gefen ba zan sa masa garma ba. Gona tana da faɗi.” Ta sa masa albarka, ta yi wa waɗanda suka zauna a wurin addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, mu muna cewa amin. Mun yi sallar la'asar a inda ta ce masallaci yake, muka kama hanya.

Da na ba mahaifina labari, sati na zagayowa ya sa na raka shi wurin. Daga baya na kai ƙannena, muka yashe ramin nan har ƙasa, zurfinsa ya shanye ni har da ɗaga hannu. Labari ya kai kasuwar Batsari, har wani tsohon marini ya nemi in kai shi. Ya sauka ciki da tsani, ya ƙwanƙwasa bangon, ya shafa, ya ce shafen da aka yi wa ramin nan shi bai iya irinsa ba, kuma bai san mai iyawa ba a yanzu. Da ya fito ya tambaye ni gidan wa nake, na faɗa masa da ƙarfi.

Gwaggo ta ƙara damina biyu a duniya. Ban zama marini ba, noma na ci gaba da yi har ƙarfina ya ƙare. Shi kuwa mutumin Zakka ya cika alkawari, muka ƙulla zumunci, duk kaka yakan aiko wa gidanmu da tsamiyar wurin.