Ƙwaryar Inna da ban ɗauka a waya ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, mai zanen ƙwarya a wani ƙauye kusa da Gwandu. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take cewa. A Kalgo na tashi, hannun Goggo, sai da hutu nake zuwa gida, kuma ko na zo ba ma haɗa tabarma.

Da wuƙa take aikinta. Ta sa ta a garwashi, in ta yi ja ta ɗora a bayan ƙwarya tana ja a hankali, hayaƙi na tashi, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Daga bakin ƙofa nake kallo.

Da na shiga jami'a na samu waya, sai na kamu da kallon masu aikin hannu na ƙasashen duniya: masaƙa, magina tukwane, masu zanen bango. Na tara bidiyonsu, na ware kowane iri da sunansa. Don Inna nake tarawa, amma ba zan iya miƙa mata ba. Sai in ba ƙanwata Hajo wayar, in koma bayan zana ina saurare.

"Wanga bai da haƙuri," in ji Inna a kan wani mai zane, "dubi yadda shika gudu da layi kamar ana korar shi." Hajo ta yi ta dariya.

Akwai guda ɗaya da ya kama ta: wata tsohuwa tana saƙa, ana busa sarewa. Sau biyar ta sa aka maimaita. Washegari ta fara zanen da ba a taɓa gani a gidanmu ba, layuka masu hawa da sauka yadda busar take yi, sai su tsinke, su sake tashi.

Rana ta uku na ji ta ce wa Hajo, da ɗan ƙarfi, "Ki ce ma waccan, in tana son ɗauka ta taho, wuƙa ta yi zahi."

Na san irin nauyin da ta ji kafin maganar nan ta fito. Wayar tana hannuna. Amma in zauna gaban Inna, in saita waya a fuskarta? Kunya ta riƙe ni. Na ce wa Hajo sai wani hutun. Inna ba ta kai wani hutun ba. Da aka raba ƙorenta tsakanin 'yan uwanta mata, ina zaune, ban buɗe baki na roƙi ko ɗaya ba.

Yanzu zanen tufafi nake koyo, kuma har yau a intanet nake neman abin da zai motsa min tunani. Ina samu, ba zan yi musu ba. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda ake gaya wa na'ura ta zana abu, ta zana nan take. Ina jin za ta kalla har ƙarshe, don ba ta raina aikin kowa, sannan ta tambaya wa ya koya mata. Abin da ke ci na shi ne, hannuwan baƙi cike suke da wayata, na Inna babu ko na minti ɗaya, balle waƙarta.

Bara na bi sawun ƙwaryar nan mai zanen busar sarewa har Kambaza, wajen ƙanwar Inna. Nono ake zubawa a ciki. Wanki ya cinye rabin zanen. Na zauna na kwafe abin da ya rage, layi bayan layi. Malamina ya gani ya yaba, ya ce in ƙarasa sauran da tunanina. Na ce masa ba zan iya ba. An kira ni in ga sauran, ni ce ban je ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Inna.