Muryar Yaya Tabita a Tallar Ɗan Takara

Yayata Tabita rediyo ce ƙawarta tun muna 'yan mata a ƙauyenmu na bayan Pauwa. Tana daka tana saurare, tana surfe tana saurare. Da wayar hannu ta shigo kuwa, shi ke nan ta samu sana'a. Kowace Lahadi in an taso daga majami'a sai ta hau tudun bayan gida inda ake samun sabis, ta kira shirin gaishe-gaishe. Salonta bai taɓa canzawa ba: sunanta, sunan mijinta Ubale, sunan ƙauye, sannan ta jero dangi ɗaya bayan ɗaya. Nakan tsokane ta in ce saura akuyoyin gidan ne ba ta gaishe su ba.

Daminar da ake shirin zaɓe, 'yan bindigar daji suka sa wa ƙauyen sharaɗi. Za su bari a yi noma, amma kada kowa ya kai maganarsu waje. Kowa ya kama bakinsa. Ubale ya shuka masara a gonarsa ta bakin rafi, kuma ita ce abincin gidan na shekara.

Gab da girbi, ranar kasuwar Ƙanƙara, wasu samari suka tare Yaya da na'urar ɗaukar murya, wai ra'ayin talakawa suke tarawa. Ba su ce mata yaran ɗan takara ba ne, munafukai. Ita kuwa da ta ga abin magana a bakinta sai ta yi abin da ta saba. Ta faɗi sunanta, na miji, na ƙauye, ta gaida dangi, sannan ta ce tsoro ya ishe su, ko gonar bakin rafi sai da izinin mutanen daji ake zuwa.

Bayan sati ɗaya muka ji ta a rediyo. An yanke gaisuwar dangi, an bar sunayen, an sa kiɗa mai ban tausayi, a ƙarshe wani ƙato ya ce a zaɓi wane ya share hawayen Tabita. Sau biyar a yini. Motar kamfe ma ta riƙa yawo da muryar kasuwa-kasuwa. Mutanen daji kuwa sun fi mu jin rediyo.

Na raka ta ofishin ɗan takarar ta roƙi a cire. Wani mai babbar riga ya yi mata murmushi, ya ce ai duk tallarsu babu mai shiga zuciyar jama'a kamar tata, ta yi alfahari. Da ba ta riƙe hannuna ba, da na gaya masa wadda ba zai manta ba.

Kwana uku bayan nan mai unguwa ya kira Ubale ya ce saƙo ya zo daga daji: kada ya sake taka gonar. Masara ta bushe a tsaye, ana hango ta daga tudun da Yaya take kiran waya. Ko ƙarar babur ta ji sai ta saki abin da ke hannunta. Ta rame, ta daina kunna rediyo, Ubale kuma bai taɓa ce mata komai ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Bayan zaɓe wata malamar jami'a mai suna Suwaibatu ta same mu a ɗakin da su Yaya suka kama a Ƙanƙara. Bincike take gida-gida kan tallar da ta fi juya ra'ayin masu zaɓe. Ta kunna tallar a wayarta, ba ta san da wa take magana ba, ta tambaya ko tallar ta sa Yaya ta canza wanda za ta zaɓa.

"Ban yi zaɓe ba, Malama," in ji Yaya. "Ranar muna kwashe kaya daga ƙauye."

Malamar ta rubuta, sannan ta tambayi sunanta da na garinsu don cike takarda.

"Ki rubuta wata mata kawai," in ji Yaya.