Ƙarar Babur ɗin Yaya Sani

Jama'a, ku ji abin da Innarmu ta ja mana yau!

Yaya Sani zai kai ni bikin ƙawata a Ajingi da ƙaton babur ɗinsa. Muna barin Gaya sai kwaram-kwaram! Robar gaba ma ta ƙi zama daidai. Muka juyo wajen makanike, ina ta masifa kar a kai amarya ban je ba.

Yana kwance robar sai ga gwangwani da laya a ciki!

Yaya ya buga waya: "Inna, ke kika sa?"

"Ni ce. Da wannan gudun naka? Cire ka gani!"

Makanike ya ce, "Ni ba ruwana."

Yaya ya mayar da gwangwanin ciki da hannunsa. Na dai tarar da amarya, amma ƙararmu ta riga mu sallama!