Kwanukan Jinyar Kaka

A hutun da na gama aji uku na kolej aka kwantar da Kaka a gidan likita. Jikarta, 'yar Gwaggo, ta haihu ranar Juma'a. Kaka ta wuni tana guɗa, guɗar da na rantse an ji ta daga unguwarmu Boukoki har tsallaken kogi, ran Asabar da safe kuma jiri ya kwashe ta a bakin randa. Lokotoro ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya cire gilashinsa ya goge, ya sake dubawa, sannan ya ce tansiyo ne, jininta ya hau har ya rasa wurin zuwa. Ya kafa mata doka: ba gishiri, ba mai, ba nama. Sai kunu salam, wanda ba a sa wa komai ba, da dafaffen ganye. In jinin ya sauka zuwa Alhamis a sallame ta, in bai sauka ba ta ci gaba da kwanciya.

Kaka ta tashi zaune. "Ɗan nan, ran Juma'a suna. Tattaɓa-kunnena na fari. A cinyata za a yi masa aski."

"To, Tsohuwa, bakinki ne zai kai ki ko ya hana ki," in ji shi.

Mama ce mai jinya, tunda Kaka uwar babanmu ce kuma a gidanmu take zaune. Ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta jera buta da mafici da tarmus, ta zauna kamar an dasa ta. Ni kuma aikina tsayuwa a bakin ƙofa lokacin bizit, sa'ar da ake barin masu dubiya su shigo, in karɓi abin da dangi suka aiko.

A danginmu ba a zuwa dubiya hannu sake, ba a kuma yarda cewa akwai ciwon da romo ba ya warkarwa. Amma babbar doka ita ce ta kwano. Kwanon da aka kawo wa marar lafiya dole ya koma gida wankakke, babu komai a ciki. In ya koma da abincinsa, an ce da mai shi ke nan hannunta ba ya da albarka, ko kuma ana tsoron abin da ta zuba. Akwai mata biyu a danginmu da suka shekara bakwai ba sa gaisawa a kan rabin kwanon kunu.

Ran Lahadi kwano biyu suka iso. Na farko daga Lamordé, wajen Gwaggo, ƙanwar babanmu: romon zabo, mai yana yawo a kansa, da tuwon gero mai laushi. Na biyu daga Saga, wajen Tanti, matar baffana, Bazabarma ce: shinkafar gonarsu da kifin kogi, da kopto a gefe, zogale ya sha ƙuli har yana ƙyalli. Da na buɗe murfi, duk tsofaffin ɗakin, su shida masu ciwo iri ɗaya, suka juyo da kai a tare kamar an kira sunansu.

Kaka ta daɗe tana kallon zabon. Ta haɗiye yawu, ta ce in rufe. Ta tura wa Mama kwanon da ƙafa. Mama ta sunkuyar da kai, ta turo shi baya. Shekara goma sha bakwai da aure, Mama ba ta taɓa kai loma baki a gaban Kaka ba, balle abincin da aka dafa da sunan Kaka. Na ce to a ba wa masu jinyar sauran gadaje. Kaka ta daka mini harara, ta nuna mini da haɓa mai jinyar gado na uku.

"Waccan 'yar Saga ce, katangarsu ɗaya da Tantinka. Kafin ka wanke kwanon labari ya isa." Sai ta yi murmushi irin wanda take yi in za ta sa ni wahala. "Maigida, ai ka san haƙƙin aure. Matarka ba ta iyawa, kai za ka ci."

Haka take kirana tun ina goye, maigidanta, wai miji marar cefane.

Ban yi gardama ba. Ni yaro ne mai biyayya in dai maganar zabo ce. Na kwashi kwanukan zuwa bayan ɗakin, gindin wani itacen bedi, na yi wa Kaka biyayya har ƙashi. Kyanwa ɗaya ta zo ta tsaya tana yi mini shaida.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Gwaggo ce. Mama ba ta iya ƙarya, in ta gwada sai kunnenta ya yi ta motsi, don haka ta miƙo mini.

"Kai, Inna ta ci?"

"Ta ci, Gwaggo."

"Me ta ce?"

Da na ce ta gode, na kashe waya, da yau babu wannan labarin. Amma romon yana cikina yana yi mini waƙa, sai na ji bai kamata a yi masa rowar yabo ba. Na ce: "Ta ce tun da ta baro Tahoua ba ta sha romo irin wannan ba. Har hawaye ta yi. Ta tsotse ƙashin wuya."

Sai na ji Gwaggo ta fyace hanci. Da Tanti ta kira, na ga rashin adalci ne in bar ta haka. Na ce Kaka ta ce kifin ya narke mata a baki kamar man shanu, ta ce a gaida kogin da ya haife shi.

Ran Litinin zabi biyu suka zo. Kifin Tanti kuwa sai da aka naɗe wutsiyarsa kafin murfi ya rufu. Ashe Gwaggo ta saka maganata a gurup ɗin dangi na waya, Tanti ta mayar da martani da tata, sauran mata kuma suka ga ana rabon albarkar tsohuwa babu su. Ran Talata gardin da ke gadin ƙofa ya tambaye ni ko gidan abinci muka buɗe a ciki. Dambu, fura, taliya, ƙafar saniya, har da wata tsohuwar maƙwabciya da ta aiko da kilishi, wa matar da haƙoranta huɗu ne, su ma ba sa ga maciji da juna.

Na ci. Allah ya gani na ci. Na ci a zaune, na ci a tsaye, na zagaya bedin sau bakwai na dawo na ci. Na kwance zariyar wando. Kyanwa ɗaya ta zama tara, suna jirana a bakin ƙofa kamar 'yan taksi, in na fito su bi ni a jere. Kowace la'asar kuma in zauna in tsara yabo, kowa da nata, kada na wata ya yi kama da na wata. Na fi wahala a kan wannan fiye da duk jarrabawar da na taɓa yi.

Kaka kuwa tana can tana shan kununta salam, tana yamutsa fuska, tana tambayata ɗanɗanon kowane kwano. "Maigida, gaya mini a hankali. Fatar zabon ta soyu?" In ba ta labari, ta lumshe ido. Jininta yana sauka kaɗan-kaɗan. Majo, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin, wata doguwar mace da ko kuran na lantarki ba ya ɗaukewa in tana wurin, ta ce in an ci gaba a haka ran Alhamis lokotoro zai sa hannu.

Ran Laraba da bizit, ina shigowa ɗaki ina gyatsa, na tarar da Gwaggo da Tanti a bakin gadon Kaka. Sun zo da kansu su ga aikin hannunsu. Majo tana tsaye tana rubutu a takarda.

"Fofo, Majo, sannunku da ƙoƙari," in ji Tanti. "Tsohuwa ya samu sauƙi sosai. Jiya kifi guda ya cinye, babba haka." Ta ware hannuwa.

Gwaggo ta gyara mayafi. "Kifi ai ruwa ne. Zabi biyu take tashi da su kullum, Majo. Romona ne ya tashe ta. Har ƙashi take tsotsa."

Biron Majo ya tsaya. Ta ɗago kai a hankali.

"Zabi nawa?"

"Biyu. Ban da ƙafar saniya, amma wannan ba tawa ba ce."

Majo ta juya wajen Kaka. "Tsohuwa, haka muka yi da ke? Ina nan ina yabonki wajen lokotoro, ashe walima kike yi a bayana?" Ta buga takardar a tafin hannunta. "A gabanmu ma kin ci zabi biyu, to ran suna fa, da rago a kwance? Babu inda za ki. Zan rubuta a ƙara miki sati."

Kaka ta buɗe baki, ta dubi Gwaggo, ta dubi Tanti, ta rufe. In ta ce ba ta ci ba, ta kunyata 'yarta da surukarta a gaban ɗaki guda, da 'yar Saga tana miƙa wuya daga gado na uku. In ta yi shiru, aski zai wuce ba ta nan. Mama ta ƙura wa tabarma ido kamar tana ƙirga zarenta. Sai na ga Kaka ta kama bakin zanenta tana murzawa, leɓenta na ƙasa yana rawa. Ban taɓa ganin haka a fuskarta ba. Ba ta ko kalle ni ba, da ta harare ni ma da ya fi mini sauƙi.

Majo ta sa biro a takarda.

"Ni ne," na ce. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya.

"Kai ne me?"

"Ni na ci. Duka. Ko romo ba ta lasa ba."

Gwaggo ta juyo da dukan jikinta. "Hawayen fa? Tahoua fa?"

"Ni na yi hawayen, Gwaggo. Yaji ne."

"Kogi fa, da aka ce a gaishe shi?" in ji Tanti. "Wallahi har bakin ruwa na je!"

Majo ba ta yarda nan take ba. Ta ce yaro ɗaya siriri kamar sandar rake ba zai iya wannan ɓarna ba, rufa wa tsohuwa asiri nake yi. Na ɗaga riga. Ta danna cikina da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Na kai ta taga na nuna mata gindin bedi, inda ƙasusuwa suka yi tudu, kyanwowi tara suna kwance a kai sun kasa tashi. Da suka hango ni suka ɗaga wutsiya gaba ɗaya.

Tsohuwar gado na biyar ce ta fara dariya, har sai da ruwan sirum ɗin da ake ƙara mata ya girgiza. Ɗakin ya ɗauka. Majo ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ba ta yi dariya ba, ta tuɓe takalmi ɗaya. Na ɓuya a bayan Majo, don na lura ita kaɗai ce katangar da ba a tsallakewa a wurin.

Da ɗakin ya lafa, Majo ta dubi Mama. "To ke, madam, wannan ya ci zabi, tsohuwa ta sha kunu. Ke me kike ci?"

Mama ta ce tana ci. Kunnenta ya motsa.

"Ƙarya take," in ji Kaka. "Busasshen burodi take gutsura a bayan ƙofa, ta ɗauka ban gani ba. Tun Lahadi nake tura mata kwano tana turo mini. Kwana huɗu a kan siminti, ƙafarta duk ta kumbura. Ku kuna ta gasar zabi, babu wadda ta ce 'yar mutane ta ci ko ba ta ci ba."

Ni ma sai na sunkuyar da kai, don duk kwanakin nan ban taɓa tunanin in kira Mama gindin bedin ba, inda Kaka ba ta gani.

Gwaggo ta mayar da takalminta. Ta kwance mayafi ta ninke, ta zauna a tabarmar. "Tashi ki tafi gida ki yi wanka ki kwanta, yau ni ce nan." Mama ta fara a'a, Gwaggo ta ɗauki jakarta ta rataya mata. Tanti ta kama hannunta, ta ɗauki kwanon kifin ranar, ta ce tare za su tafi, kuma a gabanta za a cinye shi, tunda ita dai ba surukar kowa ba ce a wannan maganar. Na yi niyyar in raka su in taya ɗaukar kwanon. Mutum uku suka ce in zauna.

Ran Alhamis da hantsi lokotoro ya auna, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Majo ta ja wa Gwaggo kunne a kan rago, ta naɗa ta gardin bakin tsohuwa gobe. Ran Juma'a da safe Kaka ta zauna a kan sabuwar tabarma, ta miƙe ƙafafu, aka ɗora mata jaririn a cinya, wanzami ya durƙusa. Ta so ta yi guɗa, Gwaggo ta ce rabi kawai aka yarda mata. Ta yi rabin.

Ina raɓe a zaure, don an hana ni kusantar tukwane, sai Gwaggo ta ritsa ni. Ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Kai, ja'iri. Tunda kai ka ci, faɗa mini tsakaninka da Allah. Girkina ko na Tantinka?"

Na ce na Gwaggo ne, ko kusa ba a haɗa su. Ta ce munafuki, ta cusa mini tsokar rago a hannu ta wuce. Ban gama taunawa ba Tanti ta leƙo, ita ma tana duba hagu da dama.