Famfon da ke cikin littafi

Ni a aji huɗu na sallami firamare, amma 'yar ƙanena ta yi karatun da ya ishe mu duka, har ta zama Dakta a jami'a, ɓangaren akanta. Na ɗauka kuɗi take ƙirgawa. Ashe shekara da shekaru aikinta karanta littattafan da kamfanoni ke bugawa suna faɗin alherin da suka yi wa jama'a, ita kuma ta bi sawu ta ga ko gaskiya ne. Na ce mata mu a Rano mai wannan aiki magulmaci muke ce masa, kuma ba a ba shi albashi.

Wata shekara ta zo garinmu Madachi da littafin wani kamfanin fasa dutse. Ga hoton famfon tuƙa-tuƙa da suka haƙa mana, ga ni a gefe cikin babbar riga, baki har kunne. Famfon nan bai ga ƙarshen rani ba ya ƙafe. Har awaki sun daina zuwa wajen.

Ta bi gida-gida da takardun tambayoyi: yaya kuka ga aikin kamfani? Mako guda tana yawo, kowa amsarsa ɗaya: alhamdu lillahi, mun gode. To, wa zai kushe kyauta a gaban mai biro? 'Yar gida ce, amma tunda ta riƙe takarda ta zama hukuma.

Ta same ni a zaure, ta zube a tabarma, ƙafa duk ta kumbura. Wannan binciken za ta miƙa a yi mata ƙarin girma. In ta rubuta famfo ya mutu ba tare da bakin kowa ba, a ce ra'ayinta ne. In ta rubuta abin da muka faɗa, ta yi wa kamfani ƙarya da hannunta.

"Baba, kai dai faɗa mini ba ya aiki, in rubuta."

"Dakta, na ci shinkafarsu ranar buɗe famfon, na yi musu addu'a a lasifika. Yanzu kuma in zage su?"

"Ba zagi ba ne, Baba."

"A jami'a ba zagi ba ne."

Ta ajiye bironta. Ni ma na gaji. Can ta ce ƙishirwa take ji, aka kawo mata ruwa a kwano, jawur. Ta ce wannan fa daga ina? Na ce daga rafi mana, inda kowa ke ɗiba.

Sai ta ɗauki biro ta soke tambayarta ta rubuta wata: ina kuke ɗiban ruwa?

Haka na raka ta ta sake bin gari kaf da gwiwoyin nan nawa. Ba wanda ya ɓoye, kowa ya ce rafi, ya kuma ƙara da godiya ga kamfani. Duka biyun ta rubuta, ta miƙa. Takardun suna gaban kwamitin ƙarin girma har yau.