Abin da Yaya Ya Rubuta a Gidan Kallo

Ranar da Yaya ya ajiye kakin soja, Inna ta yi sadakar fura har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi. Shi ne babbanmu, ya kai muƙamin manjo, kuma shekara da shekaru Inna ba ta jin labarai a rediyo sai gabanta ya faɗi. Mun ɗauka zai dawo Talata Mafara ya kama noman shinkafa kamar sauran masu ritaya. Sai ga shi ya koma jami'a da furfurarsa har ya zama dakta, wai yana nazarin siyasa da fim. Na yi masa tsiya ba kaɗan ba, na ce mutum ya bar ba sojoji umarni ya koma kallon rawa da waƙa. Yakan yi dariya ya ce abin da talaka ke faɗa yana kallon fim ba ya faɗar sa a gaban ɗan siyasa, shi kuwa wannan maganar yake son ji.

Tun bayan rasuwar Baba, Inna ta koma ƙauyensu ta wajen Maradun, gidan ƙanenta da muke kira Kawu. Wani hutu Yaya ya zo ya ce in zagaya da shi gidajen kallo na ƙauyuka. Ni malamin firamare ne, ina da babur, na kuma san hanya. Muka je Damri ranar kasuwa, muka leƙa Kaya, sannan muka sauka wajen Inna kwana huɗu.

Gidan kallon ƙauyen rumfar zana ce da benci shida da janareta mai tari. Bayan la'asar ake nunawa, don a shekarun nan ba mai son magariba ta same shi a waje. Yaya zai shiga ya wuce can baya, ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa, yadda soja ta koya masa zama. Talabijin ɗin ma ba ya kallo. Mutane yake kallo, ya ƙirga su, ya zana inda kowa ke zaune, ya rubuta wa ya yi tsaki da ciyaman na cikin fim ya karkatar da taki, wa ya ce ai namu ya fi wannan iya sata. Duk a gabana aka yi, ban ga komai a ciki ba. Ni da nake zaune a ƙasar, na san ana kwana ana tashi da maganar masu kai rahoto, wasu ga 'yan bindiga, wasu ga hukuma. Amma na zauna kusa da tsohon soja mai biro ina cin gyaɗa. Wannan wautar har yau tana ci mini rai.

Rana ta uku mai gidan kallon ya matso ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, mi kaka rubutawa haka?"

Yaya ya ce, "Dariyarku nika rubutawa."

Gaskiya ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariyar.

Kwana goma da tafiyarmu jami'an tsaro suka shiga ƙauyen suka tafi da samari biyu, duka 'yan bencin gaba. Ɗaya ya dawo bayan watanni ya rame, ɗayan shiru. Na rantse Yaya ba shi da hannu. Da ya ji, ya dinga kiran tsofaffin abokan aikinsa yana neman inda aka kai su, kuma wannan ne ya ƙarasa shi. Aka ce ga shi nan, ai ya san waɗanda suka ɗauke su.

Kawu ya kira ni zaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ka hwaɗa ma yayanka ya dakata da zuwa. Ba mu ce shi na ba, amma mutane na da ciwo, kuma nan muka kwana."

Na tashi da faɗa, na ce ɗan 'yar'uwarsa ne fa. Ya bar ni na gama, sannan na je na isar da saƙon kamar yadda aka aike ni. Yaya ya ce zai zo masallacin Juma'a da littafin da ya yi rubutun a ciki ya karanta musu shafi shafi. Na hana shi, don na ji tsoro. Shekara biyu Inna na tambayar sa muna ce mata aiki ne ya yi yawa. Kunnenta ya yi nauyi, ko ya kira ta a waya ba ta jin sa, sai dai ta riƙe wayar tana sa masa albarka.

Da damina Inna ta rasu, wata safiyar Laraba. Na kira Yaya yana Sakkwato. Kafin a gama yi mata wanka ya bugo.

"Ga ni Mafara. Ku jira ni, yanzu nika isowa."

Ina tsaye a maƙabarta lokacin. Cikin masu haƙa kabarin har da mahaifin yaron da bai dawo ba. Ba wanda ya kira shi, da digarsa ya zo, yana haƙa yana share gumi. Na dubi Kawu, ya girgiza kai a hankali. Zan iya cewa ya taho, duk abin da zai faru ya faru. Uwarsa ce, kuma a wajenmu babban ɗa ke shiga kabari ya karɓi mahaifiyarsa.

Na ce, "Yaya, ka yi mata addu'a daga nan."

Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Sannan ya ce to.

Da yamma na same shi a gidana a Mafara, zaune kan tabarma da takalmansa a ƙafa. Na yi masa gaisuwa ya yi mini. Bai zarge ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya kawai ya tambaya.

"Wa ya karɓe ta?"

Na ce ni ne. Ya dubi hannuwana, har lokacin da jar ƙasa a farcena, ya kama su ya riƙe.